Kwantena Ta Takwas

Kujerar Yaya ba ta da daɗin zama. Ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, an cusa mata kwalin magani a ƙasa, kuma duk wanda ya jingina sai ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Amma kujerar nan ce Auta ta zo riƙewa, kuma ta ƙudura za ta riƙe ta hannu bibbiyu har mai ita ya dawo.

Yayan nata shi ne mai kula da kwamfuta a wani sito na magunguna, shekara tara ke nan. An yi masa aikin ido, likita ya ce sati uku ba shi ba kallon allo, ko da na waya ne. Shi kuwa Manajan siton tun kafin a kai ga haka ya fara sakin wasu maganganu masu wari. Wai zamani ya canza. Wai ga matasa nan birjik masu zafin hannu suna neman aiki. Wai hedikwata na tambaya me ya sa mutum ɗaya tak ne ya san kan injin nan. Mai 'ya'ya huɗu ya ji irin wannan, ai hankalinsa ba zai kwanta ba. Shi ya sa Yaya ya roƙi a bar ƙanwarsa ta zauna masa. Ita ce autar gidansu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, a kan cinyarsa ta fara taɓa kibod, ga shi yanzu ta gama karatun kwamfuta tana zaman jiran aiki.

Ana gobe za a kwantar da shi ya miƙa mata wata takarda da sunaye shida a jere.

"Kwantenoni shida ne a cikin kwamfutar," ya ce. "Ga su nan."

Ba irin kwantenar da ake ɗora wa tirela yake nufi ba. A wajen masu kwamfuta, kwantena wani rufaffen wuri ne da ake zuba manhaja ɗaya da duk kayan aikinta, ta zauna ita kaɗai ba ta shiga sabgar ta kusa da ita, kamar shaguna a layi ɗaya. Cikin shidan nan, akwai mai karɓar lambobi daga ma'aunan sanyi, akwai mai ajiye su, akwai mai buga ƙararrawa idan sanyi ya ragu, akwai mai aika saƙo hedikwata, sai biyu na lissafin kaya.

"Kullum da safe ki rubuta 'duba' a baƙin allon kwamfutar. In kin ga shida suna aiki, ki sha shayinki. Kar ki taɓa komai. Auta, kina jina? Na san hannun nan naki da ƙaiƙayi."

"Haba Yaya, sai ka ce wata yarinya."

"Ba ke ce kika kwance rediyon Baba kika bar ni da sukurori uku a hannu ba?"

Kwana takwas tana bin umarni sau da ƙafa. Ofishin wani lungu ne can ƙarshen sito, babu taga, sai wata fanka a bango da ta daina juyawa, ta kafe tana kallon ƙofa. Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa, baƙa, an tura ta ƙarƙashin teburin, wayoyi sun fito ta bayanta sun bi bango sun shige wani rami. Bayan bangon nan akwai ɗakunan sanyi guda uku, inda ake ajiye magungunan da ba sa shiri da zafi: insulin na masu ciwon suga, da alluran rigakafin yara. Dokarsu ɗaya ce, an rubuta ta da ja a kowace ƙofa: daga digiri biyu zuwa takwas. In ya wuce haka aka daɗe, magani ya tashi daga aiki. Abin tsoron kuma shi ne ba ya canza launi, ba ya wari. Kwalba tana nan fes abinta, sai dai abin da ke ciki ba zai yi wa kowa komai ba.

A rana ta tara, ranar Talata, Manaja ya leƙo. Mutum ne da turarensa ke riga shi shiga ɗaki, kuma yakan yi dariya kafin ya yi magana.

"Ƙanwarmu, ya aiki? Kin ga, jibi Alhamis manya za su zo daga hedikwata. Kullum in sun zo, yayanki ya buɗe musu wannan baƙin allo yana ta ƙwanƙwasa rubutu, su kuma su tsaya suna gyaɗa kai, ba wanda ya gane komai. Ni kin san ni da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa. To an ce min akwai wani shafi da ake sa wa, mutum ya buɗe kamar yadda yake buɗe labarai, ya ga komai da idonsa, kore-kore. Za ki iya?"

Za ta iya mana, sun yi shi a makaranta. Kuma nan take ta hango amfanin abin. In kowa na iya buɗe shafi ya ga abin da ke gudana, maganar nan ta cewa mutum ɗaya ne ya san kan inji ta mutu murus. Yaya ya dawo ya tarar an toshe bakin masu magana, kujerarsa ta ƙara kafuwa.

"Zan iya, Yallaɓai. Gobe za ka gani."

A nan ne ya kamata ta ɗaga waya ta kira mai kujera. Ina! Daɗin za ta burge Yaya ya rufe mata ido.

Laraba da hantsi ta zauna. Shi kansa shafin a cikin kwantena yake zuwa, don haka aikin bai wuce layi ɗaya dogo da za ta rubuta a baƙin allo ba. Ta rubuta shi a hankali, tana dubawa harafi-harafi. A tsakiyar layin akwai wani guntu da ya sa ta ɗan dakata, wanda ke miƙa wa sabon shafin mabuɗin da ake juya dukkan kwantenoni da shi. Malaminsu ya taɓa ce musu duk wanda ka ba wannan ka ba shi gidan ne gaba ɗaya, har ɗakin da ba ka shigar da baƙo. Ta ce a ranta to ai abin da ake so ke nan, ta danna.

Rubutu ya shiga gudu a allo. Fankar cikin kwamfutar ta ɗaga murya, ta yi ta gurnani a gefen ƙafarta, can kuma ta lafa. Auta ta buɗe burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ta rubuta adireshin kwamfutar da wata lamba mai gida huɗu. Farin shafi ya bayyana yana neman a buɗe asusu na farko, kuma ya yi bayani cewa wanda ya buɗe wannan shi ne mai iko da komai. Ta sa sunanta. Kalmar sirri kuwa sai da ya mayar mata da ita sau biyu, wai ta yi gajarta, har ta yi tsaki ta ce masa, "Kai ma da naka iyayin."

Sai ga su sun jeru. Kowace kwantena da layinta, da sunanta, da ɗan ɗigon kore a gaba mai nuna tana aiki, ga maɓallai a sama na tayarwa da na tsayarwa. Abin gwanin sha'awa, har sai da ta tafa hannu ita kaɗai.

Ta fara ƙirgawa don ta tabbatar. Shida na Yaya, da sabuwar da ta sa yanzu, bakwai ke nan.

Takwas ta samu.

Ta sake ƙirgawa da yatsa a kan gilashin, tana barin shatin maiƙo a kowane layi. Takwas. Ta koma baƙin allo ta rubuta 'duba'. Shida suka fito, lafiya lau, kamar kullum. Sai a lokacin ta yi abin da ba ta taɓa tunanin yi ba, ta leƙa cikin shi 'duba' ɗin. Ashe ba umarnin kwamfuta ba ne, Yaya ne ya ƙirƙire shi da kansa, kuma sunaye shida ya rubuta masa a ciki. Abin da aka ce ya nuna kaɗai yake nunawa.

Ta takwas ɗin tana can ƙasa, sunanta rariya. An kafa ta wata biyar da suka wuce. A wajen da ake rubuta wanda ya kafa, sunan Yaya ne ɓaro-ɓaro. Shi dama bai iya yin abu bai sa sunansa ba, ko cokalin shayinsa na ofis da suna a jiki.

Ta danna inda shafin ke nuna abin da kwantena take yi. Layuka suka zubo, kowane minti layi ɗaya, kuma tana kallo wani sabo ya faɗo a ƙasa.

Ɗaki 3, shiga 13.2, fita 5.1.

Ɗaki 3, shiga 13.3, fita 4.8.

Ba ta taɓa ɗaki na ɗaya, ba ta taɓa na biyu. Na uku kaɗai take tarewa a hanya. Duk lambar da ta haura takwas sai ta mayar da ita tsakanin huɗu da shida, sannan ta miƙa wa mai ajiya da mai ƙararrawa. Har sassaɓa lambobin take yi, don kar su zama iri ɗaya a yi zargi. Aiki ne mai tsabta, irin na Yaya.

Auta ta fara nema masa hanzari. Wataƙila ma'aunin ɗakin ne ya lalace yake ƙarya, shi kuma ya gyara masa baki kafin a kawo sabo. Ai hakan na faruwa. Ta miƙe, kujerar ta yi kukanta, ta nufi teburin Baba mai sito, dattijon da ke ƙirga duk kwalin da ya shiga da wanda ya fita.

"Baba, don Allah ara min ma'aunin hannu."

"Wane ɗaki?" ya tambaya, kansa na kan takarda.

"Na uku."

Biron ya tsaya. Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mata ma'aunin ba tare da ya dube ta ba. Da ta kai hannu za ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan rigunan sanyi da ke rataye a ƙusa, sai ya ce, "Ba sai kin sa ba, 'yata. Na uku shi ne mai tausayin tsofaffi, ba ya shiga ƙashi." Ya yi dariya. Da ya ga ba ta taya shi ba, shi ma ya bari.

Ƙofar na da nauyi, sai da ta sa kafaɗa. Akwai sanyi a ciki, amma irin na ɗaki bayan an ɗauke ruwan sama, ba wanda ke sa haƙora rawa ba. Injin da ke sama yana aiki yana sarƙewa, ya yi kamar zai tsaya, ya sake kamawa. Ruwa na ɗiga daga gefensa cikin wani bokiti. Bokitin nan ya tsaya mata a rai, domin wani ne ya ajiye shi, kuma wani ne ke zubar da shi kullum. Ta taɓa kwalin da ke kusa da ita, kusurwarsa ta lotsa. A layin gaba an jera kwalaye masu takarda ruwan ɗorawa a goshi, alamar su ne za su fita yau da motar ƙarfe huɗu.

Ta ɗaga ma'aunin ta jira. Goma sha uku. Ta matsa can ciki ta sake jira. Goma sha uku da rabi.

Da ta fito, Baba mai sito na tsaye a bakin ƙofa.

"Ni kwali nake ƙirgawa," ya ce da ƙaramar murya. "Sau biyu na yi magana, aka nuna min takarda, takarda ta ce biyar. Ni da ko sakandare ban gama ba, zan yi musu da kwamfuta?"

Ba ta daɗe da komawa kujera ba ƙamshin turare ya shigo. Manaja ya tsaya a bayanta, hannu a aljihu.

"Kai, madalla! Ka ga aiki. Kore-kore, kamar yadda na ce."

Tana hango inuwar fuskarsa a gilashin allon. Idon wanda bai san kwamfuta ba yawo yake yi, ya dubi nan ya dubi can. Nasa bai yi yawo ba, ya sauka kai tsaye kan layin ƙarshe ya zauna.

"Yallaɓai," ta ce, "ɗaki na uku yana kan goma sha uku."

"In ji wa?"

"Na shiga na auna."

"Da wancan tsohon ma'aunin na Baba?" Ya yi 'yar dariyarsa. "Ƙanwarmu, abin da hedikwata ta sani shi ne abin da kwamfuta ta rubuta. Me ta rubuta?"

"Biyar."

"To."

"A tsayar da motar ƙarfe huɗu, Yallaɓai. Insulin ne a ciki."

"In tsayar da ita da wane dalili? Asibiti bakwai ke jiran kayan nan. Ba ni takardar da ta ce akwai matsala, yanzu in tsayar." Ya sunkuyo, ya nuna da tsinin mabuɗin motarsa. "Wannan ta ƙarshen, sunan wa ke jikinta?"

Ta kawar da idonta daga allon.

"Kin ga ni ban san komai a harkar nan ba, kowa shaida ne. In akwai abin da aka dasa a cikin inji, masu hannu a inji ne za su yi bayani. Da mutum ɗaya ne. Yanzu kuma na ga shafin nan da sunanki aka buɗe shi." Ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa. "Ba a iya rage cunkoso ne? Manya ba sa son ganin tarkace. Ki duba min, kin ji? Yayanki mutumin kirki ne, ina so ya dawo ya tarar da wurinsa."

Ya fita, turaren ya rage.

Ana iya ragewa kuwa. Ba ta sha wahalar nema ba, yana nan a cikin saitin shafin: wani ɗan akwati da za ka rubuta kwantenar da ba ka so a gani. Ba ya tsayar da ita, ba ya taɓa aikinta, ɓoye ta kawai yake yi. Auta ta daɗe tana kallon akwatin nan. Tsoro take ji, ba na wasa ba, kuma haushin Yaya take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba tunda take. Duk da haka ta rubuta sunan rariya, ta danna, ta koma jerin.

Bakwai. Kore reras, ba abin da za a nuna da yatsa. Gobe manya su zo su yaba, Yaya ya dawo ya zauna, ita ta koma gida. Babu wanda zai taɓa sani. Wani mutum a wani gari zai yi wa kansa allura kamar yadda ya saba, sugansa ya ƙi sauka, a ce ai bai kiyaye abinci ba ne.

Ƙarfe uku da minti ashirin ta ji motar na shigowa da baya, tana kukan nan nata tit, tit, tit. Can sai ƙarar tayoyin kurar ɗaukar kaya a kan siminti, da muryoyin masu lodi suna tsokanar direba. Ta ji an buɗe ƙofa mai nauyi a bayan bango.

Ta ɗauki waya. Matar Yaya ce ta amsa.

"Yana kwance, Auta. Ki bi a hankali, kin san likita ya ce kar a ɓata masa rai."

"Na sani, Anti. Ba ni shi."

Muryarsa ta zo da fara'a. "'Yar rigima, ya aka yi? Shida ne?"

"Takwas ne, Yaya."

Ta cire wayar daga kunne ta duba ko layin ya yanke.

"Me kika sa a ciki?"

Ta faɗa masa. Ta faɗa masa na Manaja, da na bokiti, da na ma'aunin Baba.

"Ban ce kar ki taɓa komai ba?" Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "Auta, sati ɗaya aka ce min. Injin ya fara ciwo, ƙararrawa na tashi sau biyar a rana, hedikwata na ta kira. Manaja ya ce an yi odar kayan gyara, in rufe mata baki na sati ɗaya, in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Lokacin tara yake kaiwa, wani lokaci goma. Wallahi sati ɗaya aka ce."

"Goma sha uku da rabi ne yanzu."

Ta ji ya ja numfashi.

"Ban sani ba," ya ce. "Na daina buɗe ta. Tun wata na biyu na daina dubawa."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Mutumin da yake sa ta sake lissafi sau uku don ta tsallake layi ɗaya.

"Saurare ni da kyau," ya ci gaba, yanzu da sauri. "Kwana goma sha ɗaya ya rage min. Ki bar ta yadda take, in dawo in san yadda zan warware. In kika tsayar da ita, lambar gaskiya za ta wuce kai tsaye. Cikin minti ɗaya ƙararrawa ta tashi, saƙo ya tafi hedikwata, kuma ba a janye shi, ni na gina shi haka. Za su zo su buɗe, su ga wata biyar, su ga sunana. Shi Manaja ba sunansa ko a wuri ɗaya. Kuma ba kora kaɗai ba ce, kin sani."

"Ana lodi, Yaya. Ina jin su."

"Motoci nawa suka riga suka tafi? Wannan ɗayar ce za ta..." Ya katse kansa. Da ya sake magana, muryar ta zama ta wani tsoho da ba ta sani ba. "Ban taɓa roƙonki komai ba, Auta. Ki dubi yaran nan."

Ta ajiye wayar a kan tebur ba ta kashe ba. A bayan bango kura ta sake wucewa, mai nauyi, wani yana cewa saura zuwa biyu.

Ta koma saiti ta goge abin da ta rubuta a ɗan akwatin. Rariya ta dawo ƙasan jeri da ɗigonta kore. Ta zaɓe ta. Ta kai kan maɓallin tsayarwa. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata. Ba ta tabbata ba, kuma kuka take yi, amma ta danna.

Ɗigon ya koma ja.

Ba abin da ya faru. Fankar kwamfuta na hurawa, masu lodi na dariya, daga wayar da ke kan tebur tana jin Yaya yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Har ta fara tunanin ko abin ya lalace ne, kuma Allah ya sani wani sashe na zuciyarta ya yi fatan hakan.

Sai ƙararrawa ta ɓarke. Wata biyar ba ta yi magana ba, ta cika siton da ihu, jar fitila ta shiga walƙiya a saman ƙofar ɗaki na uku. Auta ta dubi wayar. Ya ji, domin ya kashe.

Da ta fito, kura na tsaye a tsakiyar hanya, masu lodi sun saki hannu suna kallon fitila. Direba ya ce shi dai ba zai tayar da mota da jar wuta a kunne ba, ko wa zai ce ya tayar. Baba mai sito bai jira umarnin kowa ba, ya ce a sauke. Manaja ya fito daga ofishinsa waya a kunne, ya toshe ɗayan kunnen da yatsa, yana cewa, "Eh ranka ya daɗe, yanzu nake ji. Wallahi ni ma mamakin da nake yi ke nan. Akwai wani abu da muka gano a cikin kwamfuta, ni na sa a bincika." Ya wuce ta gabanta kamar bai taɓa ganinta ba.

Rana ba ta faɗi ba ta isa gidan Yaya. Tunda aka yi aikin, ita ce ke zuwa kowace yamma ta ɗiga masa maganin ido, domin hannun Anti rawa yake yi, ba ta iya saitawa. Yaran suka rugo suka rungume mata ƙafafu, ƙaramin yana lalube mata jaka, ba su san komai ba. Anti ta buɗe ƙofar ɗaki, idonta jawur, ta amsa gaisuwa da ka kawai.

Yana kwance rigingine, an rufe labule, baƙin tabarau a fuskarsa. Wayarsa na kan kujera a gefen gado tana ta ruri, sunan hedikwata na haskawa. Ba wanda ya taɓa ta. Ta yi ta yi ta gaji, ta sake farawa.

Auta ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, yadda likita ya koya mata. Ta dawo ta ɗauki 'yar kwalbar, ta buɗe murfin, ta tsaya a kansa.

"Yaya, lokacin magani ya yi."

Bai motsa ba. Can ya ce, ba da ita ba, "Maman yara, karɓi kwalbar."

Anti ta karɓa. Ta cire masa tabarau, ta sunkuya, hannun na kaɗawa. Ɗigon farko ya sauka a kumatunsa, na biyu ya gangara wajen kunne. Ya ci gaba da jira, idon a buɗe. Auta na tsaye taku ɗaya daga gadon, hannayenta a ɗage don kar su taɓa komai, amma bai kira ta ba.